Akushi ya tsinke daga kan injina: in sayi cok ne, ko faranti ya isa?

Auwalu_Dala:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sai da na kwana biyu ina juya maganar nan a raina kafin na kawo ta. Ni malamin makaranta ne, Asabar da Lahadi nake shiga ɗan shagon da na yanka a soron gidanmu ina juya katako a inji, yana juyawa ina sassaƙa shi da kurfi. Injina haɗin gida ne, wani mai walda ya haɗa min shi da boris biyu da moto mai doki ɗaya. Shekara biyu ina yin ƙafafun tebur da muciya da 'yan ƙananan taɓare, duk a tsakanin tsini biyu da ke tokare katakon gaba da baya, ko sau ɗaya abu bai taɓa kuɓuce min ba. Ranar Asabar na ce bari in gwada akushi. Na samo guntun maɗaci mai faɗin santimita 30, na ɗaure shi da sukuru huɗu a farantin ƙarfen da ake murɗawa a bakin inji. Bayan akushin ya fita sumul. Da na janye matokarin baya, wato tsinin da ke tokare katakon ta ɗaya gefen, na fara rarake cikin, kurfi ya ɗan cije, sai ji na yi fau! Katakon ya bar inji, ya daki bango ya ɓantare filasta, ya dawo ya faɗi dab da ƙafata. Sukuru biyu sun karye a ciki, biyu sun zaro da garin katako a jikinsu. Ɗana yana tsaye a bakin ƙofar bai fi minti biyar kafin nan ba. Shin cok, wato ƙarfen nan mai haƙora huɗu da ke damƙe katako a inji da nake gani a bidiyo, shi ne maganin wannan, ko kuwa farantin ya isa, laifin daga wani wuri yake?

Kafinta_TudunWada:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsarewa, Malam. Kafin a je ga cok, faɗa mana: wane irin sukuru ka sa, yaya aka yanko katakon daga jikin bishiya, kuma juyi nawa injinka yake yi a minti?

Auwalu_Dala:
Baƙaƙen sukurun nan ne sirara masu tsini da ake ɗaura silin da su, su nake da su a gwangwani. Katakon kuma yankan gungume ne, wato an datse shi kamar yadda ake datsa rake, zoben shekarunsa na kallona. Juyi kuwa, an rubuta 1,400 a jikin moton, kuma fulin da bel ke zagayawa, na sama da na ƙasa, girmansu ɗaya.

Kafinta_TudunWada:
To Malam, ko cok na zinari ka saya, da wannan haɗin sai ya tashi. Baƙin sukurun silin an gasa ƙarfensa ya yi tauri don ya huda allo da sauri, shi ya sa ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi kamar gilashi. Duk wanda ya daɗe a aikin nan zai ce maka kada ya kusanci faranti. Nemi sukurun katako mai kauri, wanda ya cika ramin farantin ba ya rawa, ya shiga itacen aƙalla santimita biyu zuwa biyu da rabi. In farantinka rami takwas gare shi, cike takwas ɗin.

Sai babbar matsalar, yankan. Itace kamar damin kara yake, jijiyoyinsa duk sun miƙe daga saiwa zuwa reshe. Da ka datse shi kamar rake ka soka sukuru ta kan yankan, tsakanin karan ka soka, ba abin da ya riƙe. Garin da ka gani a jikin sukuru biyun nan shi ne shaidar. Akushi ana fitar da shi ne daga gefen gungume: a tsaga gungumen biyu ta tsawo, a cire zuciyar, kowane rabi ya ba da akushi ɗaya. A haka sukuru yana ratsa jijiyoyin ne ta kwance, kowane zare nasa ya samu abin kamawa.

Injiniya_Bashir:
Ƙari a kan na Oga Kafinta, ni gudun ne ya fi tayar min da hankali. Na yi lissafi: abu mai faɗin santimita 30 a juyi 1,400, bakinsa yana tafiya kusan kilomita 80 a awa. Kuma ƙarfin da ke fizgar katako waje ba daidai da gudu yake hawa ba, in ka ninka gudu sau biyu, fizgar ta ninku sau huɗu. Akwai ƙa'idar da masu wannan aiki a Amurka suke koyarwa, ana danganta ta ga Dale Nish: faɗin abin a inci, sau juyi a minti, ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Naka inci 12 ne, ke nan juyi 500 zuwa 750. In katakon bai gama zama da'ira ba, ƙasa da haka ma za ka fara. Gyaran ba wuya. Fuli mai santimita 5 a kan moto, mai santimita 15 a kan shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya katakon, ka sauko wajen 470. Kuɗin fuli biyu da bel bai kama ƙafar kuɗin cok ba.

MaiCarbi_Damagaram:
Alhamdu lillahi da yaron bai wurin. Malam Auwalu, in za ka tada inji, tsaya gefe wajen makunni, kada ka tsaya saitin abin da ke juyawa. Kuma a rufe ƙofar shago.

Sani_Panteka:
Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ni dai ina bayan cok, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu na yi da faranti kafin na saya. Matsalar faranti ita ce gindin akushinka kullum da ramukan sukuru, ko dai ka cike su da garin katako da gam, ko ka yanke santimita uku na itace mai kyau ka zubar. Da cok kuwa, ka fara a faranti ta ɓangaren da za a rarake, inda ramukan za su tafi da shara. Ka gyara bayan, ka fitar da ɗan tudu a gindin, wanda nake kira dunduniya. Sai ka juya akushin, haƙora huɗu su kama dunduniyar. Mabuɗi ɗaya kake murɗawa, haƙoran duka su taho tare su tsayar da abin a tsakiya. Minti biyu an gama.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne tiredin shaf, wato zaren da ake murɗa cok a kai. Ba iri ɗaya ba ne a duniya. Injinan Turai da yawa M33 ne, wato kaurin milimita 33, mai tazarar zare milimita 3.5. Na Amurka ƙanana inci 1 ne mai zare 8 a inci, manyan kuma inci 1 da kwata mai zare 8. Wannan na ƙarshen ya yi kusa da M33 har za ka ga cok ya fara hawa, ya yi juyi ɗaya ko biyu ya cije, in ka matsa ka lalata duka biyun. Naka da yake haɗin gida ne, sai ka kwance shaf ka kai wa mai injin ƙarfe ya auna.

Baba_Masassaki:
Jikana ne yake rubuta min. Na ji ana ta maganar akushi da inji. Mu da muka gaji sassaƙa, akushi da gizago muke fafe shi, ƙafa biyu ne abin riƙonmu, kuma ba a taɓa jin akushi ya tashi sama ba. Ban hana ku inji ba, zamaninku ne. Amma abin da yaron nan na Tudun Wada ya faɗa game da tsaga gungume, haka iyayenmu suka koya mana. Turmi ne ake fafewa ta kan yanka, shi ma don duka zai sha daga sama, kuma kirya ake nema masa saboda taurinta. Akushin da aka bar wa zuciyar itace a tsakiya, ko bai faɗo daga injinku ba, hunturu ɗaya zai tsaga shi.

Auwalu_Dala:
Allah Ya ƙara girma, Baba. Wallahi zuciyar tana nan tsakiyar nawa, har na ga wata 'yar tsaga ta fara daga wurin, na ɗauka ba komai.

Ummu_Hanifa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ƙananan abubuwa nake yi, marfin kwalbar turare da mariƙin ludayi da 'yan kwanukan kwalliya. Maigidana makanike ne, yana da wani tsohon cok na injin ƙarfe mai haƙora uku, ya ce zai ɗaura min a injina. Yana yi?

Injiniya_Bashir:
Hajiya, ki ba shi haƙuri ya bar shi a gareji. Haƙoran cok ɗin ƙarfe sirara ne, an yi su don su ciji ƙarfen da ba ya lotsawa. A jikin itace wuri uku kawai suke taɓawa, su nutse, kurfi na cijewa abin ya fice. Na katako kowane haƙori kamar kwatan zobe yake, huɗun su zagaye dunduniyar kusan gaba ɗaya. Sannan na ƙarfen in an buɗe shi haƙoran suna leƙowa waje da jikin cok, ga hannunki kusa, ga hannun riga, ga gefen mayafi.

Garba_Kumasi:
Ban yarda gaba ɗaya ba, Injiniya. A nan wajenmu na ga mutane da yawa da cok ɗin ƙarfe a injin katako, suna cin abinci da shi shekara da shekaru. Ni ma da shi na fara, a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, aka yanka min tiredinsa. In abu ƙarami ne kuma matokarin baya yana tokare, yana yi.

Injiniya_Bashir:
Ka faɗi sharaɗin da bakinka, Malam Garba: matokari yana tokare. To ai matokarin ne ke riƙe da abin. Ita kuma kwanuka take yi, dole ta janye shi in za ta rarake ciki.

Ummu_Hanifa:
Na gode. Zan bar shi. Maganar mayafi kuma dama ina ɗaure shi ta baya in soke cikin riga kafin in kunna.

Lawal_Funtua:
Tun da an zo maganar dunduniya bari in faɗi abin da ya same ni, don kada Malam Auwalu ya ɗauka sayen cok shi ne ƙarshen tashin katako. Satin farko da na sayi nawa, kwano uku suka fice min. Na ɗauka kayan ne ba su da kyau. Ashe ni nake yin dunduniyar da tsawo, tana taɓa ƙasan cok. Ba a so ta taɓa. Abin da ke tsayar da kwano shi ne kafaɗar da ke zagaye da dunduniya, ta zauna daram a kan fuskar haƙoran, ko takarda ba za ta shiga tsakaninsu ba. Haƙora suna hana shi ficewa, kafaɗa tana hana shi karkacewa. In dunduniya ta taɓa ƙasa, kafaɗar ta tashi, kwanon yana lilo a kan tsini ɗaya ke nan.

Na biyu, girmanta. Haƙora huɗun nan daga zobe ɗaya aka yanka su, saboda haka da'irarsu ba ta cika sai sun kusa rufewa. In ka yi dunduniya ƙatuwa ka wangale su, kusurwoyi takwas ne kawai ke cizon itacen. Ni yanzu na yanka ɗan kwali daidai da girman da nawa ke so, yana rataye a ƙusa kusa da inji, da shi nake aunawa. Na uku, duba cikin haƙoranka. Wasu a karkace suke kamar wutsiyar kurciya, irin na Vicmarc na Ostireliya, to dunduniyar ma a karkace za ka yanke ta. Wasu a miƙe suke da zarara, irin na Oneway na Kanada, su kuma miƙaƙƙiya suke so. Kusurwar da dunduniya ta haɗu da kafaɗa ta fita tsaf, kada a bar mata tudu.

Sani_Panteka:
Wannan bayani na Malam Lawal a ajiye shi. Ƙari ɗaya: faɗin dunduniya ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin kwanon. Haƙoran milimita 50 da ke zuwa da yawancin cok sun yi wa akushi mai santimita 30 ƙanƙanta, sai an nemi manya.

Dan_Maradi:
Ni ba na yin dunduniya sam. Gurbi nike fafewa a gindin kwano, haƙora su shiga ciki su buɗe. In an gama, gurbin ya zama ado, babu abin yankewa, babu sake juya kwano. Mi ya sa kuke wahal da kanku?

Lawal_Funtua:
Saboda itace yana jure matsi fiye da yadda yake jure buɗawa, ɗan'uwa. Haƙoran da ke buɗewa a cikin gurbi aikin da weji ke yi wa gungume suke yi. In naman da ke zagaye da gurbin bai da faɗi, za ka ji ƙas, gindin ya rabu biyu. A faranti mai faɗi da tire na yarda da gurbi. A akushi mai zurfi, a'a.

Dan_Maradi:
Shekara shida ban tsaga ko guda ba. Ina barin nama santimita biyu ko fiye kewaye da gurbin, kuma ba ni murɗa mabuɗi da ƙarfin tsiya. Hannu ne, Malam Lawal.

Lawal_Funtua:
Busasshen itace kake aiki da shi ko ɗanye?

Dan_Maradi:
Busasshe. A nan ɗanyen ma wuya gare shi.

Lawal_Funtua:
To shi ya sa. Gwada a ɗanyen mangwaro ka ba mu labari.

Malam_Isa_Zariya:
Ku dakata, kun tafi da maganar cok, alhali mai tambaya ya ce malamin makaranta ne, kuma kayan nan da dala ake sayo su. Akwai hanyar da ba ta cin ko kwabo, da ita nake koya wa ɗalibaina. Ka ɗaure guntun katako mai tauri a faranti da sukuru, ka gyara fuskarsa a kan inji ta yi shafe, ka gwada da rula. Gindin abin da za ka juya shi ma ya yi shafe. Ka shafa farin gam, ka haɗa su, ka matse da matokarin baya, ka bar shi ya kwana ya wuni. Sukuru suna cikin guntun banza, akushinka ba rami ko ɗaya. In ka gama sai ka yanke a kan layin gam. A ƙananan abubuwa irin na Ummu Hanifa nakan sa takardar buhun siminti a tsakani, gam a kowane gefe. In an gama, a sa bakin kurfi a layin a ɗan buga, takardar ta rabe biyu, abin ya faɗo a hannu.

Kafinta_TudunWada:
Hanya ce mai kyau, Malam Isa, amma a faɗa masa iyakarta. Farin gam ba ya kama ɗanyen itace, kuma ba ya kama kan yanka da kyau. Guntun kuma kada ya zama filawud ko allon garin katako, domin gam ɗin zai riƙe, allon ne zai ɓare. Takarda kuwa kada ya sa ta a akushi mai santimita 30.

Malam_Isa_Zariya:
Haka ne, na ce ƙananan abubuwa. Na gode da ƙarin.

Dalibi_Alkahira:
Ina bin muhawarar nan ina tuna abin da nake gani a nan Masar. Tagogin mashrabiyya na tsoffin gidajen Alƙahira, dubban 'yan guntayen katako ne da aka juya ɗaya bayan ɗaya aka soka su cikin juna. An yi su tun kafin wutar lantarki, da inji mai baka: tsini biyu, igiya a naɗe jikin itacen, hannu ɗaya yana jan baka, ɗayan da yatsun ƙafa suna riƙe da kurfi. A kasuwar Marrakesh ta Maroko har yau akwai masu yi a haka. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne duk wannan aiki tsakanin tsini biyu aka yi shi, irin riƙon da Malam Auwalu ya ce ya shekara biyu a kai ba matsala.

MaiCarbi_Damagaram:
Ni ma carbi a kan siririn ƙarfe nike jera 'ya'yan bayan na huda su, in matse tsakanin tsini biyu. Ban taɓa riƙa cok ba.

Garba_Kumasi:
Wa ke samun maɗobiya a cikinku? Ita nake so in gwada kwano da ita, launinta ba na biyu.

Sani_Panteka:
Ta yi wuya yanzu. An sare ta da yawa ana fita da ita Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ke sa ido a kan cinikinsu tun 2017. Ni darbejiya na koma, da mangwaro in an sare a unguwa. Darbejiya danginsu ɗaya da maɗaci, tana juyuwa da kyau, ga ta ko'ina. Sai dai ƙurarta da ɗaci, a rufe hanci.

Lawal_Funtua:
Wanda zai juya ɗanye ya riƙa tsayar da inji yana ƙara matse cok, domin ɗanyen itace yana lotsawa a ƙarƙashin haƙora, abin da ka matse da safe kafin ka gama rarakewa ya saki. Ni sau biyu nake juya akushi. Karon farko ina barin kaurin bango kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, in zuba shi a buhun takarda da sharar jikinsa, in ajiye a ɗaki wata da watanni. Zai bushe ya zama kamar ƙwai, har dunduniyar ma. Karo na biyu sai na fara mayar da dunduniyar da'ira kafin cok ya kama ta. Wanda ya bar ɗanyen kwano a fili cikin hunturu, kafin gari ya waye ya ji yana ƙas-ƙas.

Baba_Masassaki:
Mu a inuwa muke kifa shi, a rufa masa buhu. Iska ce ke tsaga shi, ba rana kaɗai ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, maganar itace da busarwa a buɗe mata nata zaren. Mu koma kan riƙo. Akwai abin da ba a taɓa ba: in an gama ciki, yaya ake juya akushin a share gindinsa?

Malam_Isa_Zariya:
Mafi sauƙi, ka juya guntun katako a faranti ya yi kan tulu, ka ɗora masa roba ko tsohon soso, ka kifa akushin a kai, ka tokare gindin da matokari. Shi ya sa ake so kada ka goge ɗan ramin da tsinin matokari ya bari tun farko, shi zai mayar da kai tsakiya. Ka yi ta cin dunduniyar a hankali har ta rage kamar kan yatsa, ka tsayar da inji, ka cire sauran da kurfi a hannu, ka bi da samfefa. Kada ka ce sai inji ya cinye ta duka.

Injiniya_Bashir:
Akwai kuma na faifai biyu: ɗaya a faranti, ɗaya an huda tsakiyarsa kamar gammo, akushi a kife tsakaninsu, dogayen noti uku ko huɗu su matse. Wannan ko kurfi ya cije abin ba ya fita. Kan notin ya kasance ta gabanka, jelarsa ta bayan faifai, kada ta kama hannu. Na kuma haɗa irin wanda ake kira Longworth, sunan mutumin Ostireliya da ya ƙirƙiro shi: faifai biyu masu lanƙwasassun tsagogi da suka saɓa wa juna, kana murɗa su robobin riƙo suna tahowa tsakiya tare. Yana da daɗin aiki, amma riƙonsa ba ƙarfi, ba na wuce juyi 500 da shi, kuma matokari na nan har ƙarshe.

Pam_Jos:
Ni na gwada mai zuƙar iska, da kwamfresan tsohon firji. Iskar duniya tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya, saboda haka bututu mai faɗin santimita 10, in ka zuƙe kashi biyu cikin uku na iskar ciki, riƙon ya kai kilo 50. A nan Jos da muke sama da mita 1,200 ya ɗan ragu, tun da iskarmu ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. Aikin yana kyau ƙwarai, gindi a buɗe ba matokari. Amma ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, famfon ya tsaya, inji bai gama tsayawa ba, kwanon ya sulale ya bugi gadon inji ya fashe. Yanzu sai da janareta nake kunna shi. Kuma itace mai ƙofofi ko mai ramin ƙwaro ba ya kamuwa, iska ke bi ta jikinsa.

Ummu_Hanifa:
Ni ta Malam Isa zan ɗauka, ta kan tulu. Soso da guntun katako ba sa yankewa a gidan nan.

Auwalu_Dala:
'Yan uwa, na dawo da rahoto. Ban sayi cok ba tukuna. Na je 'Yan Katako ta Na'ibawa na sa aka tsaga min gungumen darbejiya biyu aka cire zuciyar. Na canza fuli kamar yadda Injiniya ya lissafa. Farantin ma da na ɗora rula a kansa sai na ga walda ta ja shi, haske yana wucewa ta gefe ɗaya, ashe tun farko katakon bai zauna a kansa ba. Na kai aka share fuskarsa a injin ƙarfe, aka ƙara rami huɗu. Sukuru takwas masu kauri na sa. Na bar matokari a tokare ina rarake kewaye da shi, har ya rage wani ginshiƙi a tsakiya kamar tabarya ƙarama, sai a ƙarshe na janye na cinye shi. Kurfi ya cije sau biyu, bel ya zame, akushin ko gezau. Na sayi garkuwar fuska, ƙofa kuma na sa mata sakata ta ciki. Abin da ya rage, ga ramuka takwas a gindin akushi suna kallona.

Sani_Panteka:
Ma sha Allah, barka. Ramukan nan takwas su nake gaya maka tun farko. Ka fara tara kuɗin cok, ka nemi irin wanda ake canza masa abin haɗi da shaf, kamar Nova na kamfanin Teknatool na Niyu Zilan, don ko ka canza inji gaba ba ka yi asara ba. In ka samu, kada ka taɓa barin mabuɗi a jikinsa, ko na daƙiƙa ɗaya.

Malam_Isa_Zariya:
Ko kuma ya manna guntun banza a na gaba, ramukan su tafi da shi. Darbejiyar ta bushe, Malam Auwalu?

Auwalu_Dala:
Da saura, sharar tana fitowa da sanyi a hannu.

Kafinta_TudunWada:
To farin gam ba zai kama ba. Rabin na biyun ka yi masa juyin farko a faranti, ka bar gindin da kauri yadda za ka yanke wurin sukurun daga baya, ka sa shi a buhu kamar yadda Malam Lawal ya ce. Kafin ya bushe ka ga ko kuɗin cok sun taru.

Dan_Maradi:
In sun taru, gurbi za ka yi mishi ko dunduniya? Ina jiran hoton gindin.